Kalmar Wannan Wata: Ƙoƙo

Masu karatu, kalmarmu ta wannan wata ita ce ƙoƙo. Kada ku haɗa ta da koko da ake damawa da safe, ko da yake ana shan koko a ƙoƙo.

Ƙoƙo ɗan ƙaramin ƙwarya ne. Daga duma ake samunsa. In duma ya nuna ya bushe, sai a fafe shi gida biyu, a kankare cikinsa, a jiƙa shi har ɗacin ya fita. Babban ɓari shi ne ƙwarya, ƙarami kuwa ƙoƙo. Mai dogon wuya shi ake yi wa ludayi. A ƙauyukan Bebeji da Kiru, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, da shi kakanninmu suka sha ruwa da kunu, da shi kuma suka tari baƙo tun bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

Kalmar ta shiga har jikin mutum. Muna cewa ƙoƙon kai, muna cewa ƙoƙon gwiwa, domin siffarsu ta yi kama da tasa.

Yau kofin roba da tambulan sun cika gidajenmu. Ba laifi, suna da sauƙin wankewa. Amma yaro da yawa bai san wani ƙoƙo ba sai ƙoƙon bara. To, ga inda hasarar take. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu juyi suka zaɓi kalmar ƙoƙo don abin da Yesu ya miƙa wa almajiransa a jibin ƙarshe. Sun zaɓi abin da ke kowane gida, na mai kuɗi da na talaka, abin da ake sha a miƙa wa na kusa. Yaron da ya san ƙoƙo na roƙo ne kawai zai ji karatun nan a bai-bai.

Saboda haka muna roƙon iyaye, ku ajiye ko ƙoƙo ɗaya a gida. Ku nuna wa yara duma a gona, ku bar su su ga yadda ake fafe shi. In baƙo ya yi sallama, ku ba yaro ƙoƙo mai tsabta ya kai masa ruwa, da hannu biyu, a durƙushe. Da haka zai riƙe kalmar, ya riƙe ladabin da ke tare da ita.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.