Filin Malamin Manya: Malam Aminu Kano, malamin makaranta da ya zama dipite

 

Duk wanda ya bar Olelewa ya tafi cin rani Kano ya ji sunan Malam Aminu Kano. Filin jirgin sama da babban asibitin birnin, duka sunansa aka sa masu. Yau ga labarinsa.

An haife shi a Kano a shekarar 1920. Ya fara da karatun allo a gida, kana ya shiga lakwal. Da ya gama a 1942, sai ya kama aikin koyarwa a Bauchi. A 1946 aka tura shi Ingila ƙarin ilimi. Da ya komo, ya haɗa kan malaman makaranta na arewacin Najeriya, suka kafa ƙungiyarsu.

A 1950 ya aje aikin koyarwa, ya shiga siyasa cikin jam'iyyar NEPU. Ya faɗi zaɓe a 1954, amma bai karaya ba. A 1959 mutanen Kano suka zaɓe shi dipite a majalisar ƙasa ta Ikko.

Mi ya tsaya a kai? Abu biyu. Na ɗaya, talaka ya yi karatu don ya san hakkinsa. Na biyu, a sa ɗiya mata makaranta, a ba mata damar jefa ƙuri'a. Ya sha zagi a kan wannan. Amma a 1979 matan arewacin Najeriya suka yi zaɓen shugaban ƙasa. Ya rasu a 1983, bai bar dukiya ba, sai suna.

To, mu fa? A makarantarmu ta yaƙi da jahilci maza sun fi mata yawa. Wani maigida ya ce mini: "Malam, in matata ta tafi karatu, wa zai dama mini fura?" Na ce masa: ran da kana cin rani, wa zai karanta wasiƙarka? Wa zai duba takardar maganin yaro? Wa zai duba sikeli in za a sayar da gero?

Saboda haka, maigida, ka zo karatu, ka bar uwargida ta zo. Fura ba za ta gudu ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.