Suwidin cikin OTAN: tsohon fim na 1942 da tambayar da ya bari

Ran 7 ga Maris 2024 ƙasar Suwidin ta shiga ƙungiyar tsaro ta OTAN, bayan shekaru kusan 200 tana ƴar ba-ruwanmu. Yaƙin Rasha da Ukren ne ya sa ta ɗauki wannan mataki, amma gardamar zaman ba-ruwanmu ta daɗe a ƙasar.

A 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Gustaf Molander ya fitar da fim mai suna "Rid i natt!", daga littafin Vilhelm Moberg na 1941. Labarin na manoman wani ƙauye ne a 1650, waɗanda wani basarake Bajamushe ke so ya mayar bayinsa. Saurayi Ragnar Svedje ya ƙi miƙa wuya, ya shiga daji. Shi kuwa dattijon gari Jon Stånge, tsoro ya sa ya binne sandar da ake yawo da ita gari-gari don kiran jama'a su tashi, daga nan zuciyarsa ba ta sake barinsa ya huta ba.

Masu kallo sun gane inda aka dosa. A lokacin sojojin Hitler na mamaye da Norwe, gwamnatin Suwidin kuma ta bar su suna ratsa ƙasarta cikin jirgin ƙasa daga 1940 zuwa 1943, tana sayar wa Jamus ƙarfe.

Masu kare gwamnatin wancan zamani na cewa hakan ne ya tsare ƙasar daga yaƙi. Masu suka na cewa maƙwabta ne suka biya kuɗin wannan zaman lafiya. Shiga OTAN ya nuna ɓangaren da ya rinjaya yanzu a Stockholm.