Zauren Iyaye Mata: Sallah Da Ɗan Tatata A Hannu

Yau hirar tamu a kan Sallah ce, amma ba ta fuskar girki ko ɗinki ba. Magana ce a kan ɗan ƙaramin mutumin nan da ke riƙe da gefen zaninki, wanda ya wuce goyo amma bai kai aike ba, wato ɗan shekara ɗaya zuwa uku.

Abin da nake so mu fara yarda da shi shi ne, wannan yaron bai san wata aba wai ita Sallah ba. Ke kika san an ga watan Shawwal, ke kika san 10 ga Zulhajji ce ranar layya. Shi abin da ya gani kawai, gida ya cika da baƙin fuskoki, Ummansa ta tashi tun asuba tana ta kai da kawo ba ta ko kallonsa, an cusa masa wata riga mai ƙaiƙayi, lokacin barcinsa ya wuce babu wanda ya tuna. To don Allah in ya ɓare baki, laifin wa?

Mu fara da kayan Sallah, don nan ne gasar take. Wance ta yi wa ɗanta shadda da aiki har gwiwa, ni ma sai na yi. Abokiyar zama ta saya wa 'yarta leshi, wallahi tawa ba za ta sa atamfa ba. Sai a sa maigida a gaba da fushi, a hana tela barci, a ƙarshe yaron ya sa kayan na minti goma ya jiƙe su da miya. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kamar kwana 11, shi ya sa Sallah take zagayawa, wani lokaci a hunturu, wani lokaci da damina. Ƙaramar Sallar 2025 a ƙarshen watan Maris ta faɗo, tsakiyar zafi ke nan. Ki dubi lokacin kafin ki yanki yadi. Shadda mai sitaci da leshi mai duwatsu a kan fatar yaro cikin zafin bazara, ƙuraje kawai za su haifar. Ki yi masa na ado kala ɗaya don hoto da gaishe-gaishe, sauran su zama na auduga marasa nauyi. Takalmi kuma a gwada kafin ranar, ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka batun kwalliya. Kitson da za a danne yarinya mutum biyu tana ihu har gefen goshinta ya yi ƙuraje, wannan azaba ce. A yi mata manya guda huɗu ko shida, ta tashi. Baƙin lallen nan na zamani kuma, sau da yawa akwai sinadarin rinin gashi a cikinsa, yana iya sa fata ta tashi kamar ƙuna, har ya bar tabo. Fatar yaro ba irin taki ba ce, ki rufa mata asiri.

Sai ciki. Ranar Sallah kwano ne ke shiga, kwano ke fita: tuwo da miyar taushe, waina, shinkafa, ga cincin, ga dubulan, ga zoɓo da lemon kwalba. Kowa ya ɗauki yaro sai ya tura masa wani abu a baki don nuna ƙauna. In babbar Sallah ce kuwa abin ya fi haka, daga kayan ciki sai soye, har kwana uku ana abu ɗaya. Daga nan sai gudawa. Dabarar ita ce ki ba shi abincinsa da ya saba, kununsa ko fatensa, tun da safe kafin hidima ta kankama. Yaron da cikinsa ke cike ba ya rarumar duk abin da ya gani. Abincin da ya wuni a buɗe ƙuda na bi, kada ya kai bakinsa.

In kuma gudawar ta zo, kada ki ce ai haƙori ne. Abin da ke kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ki ajiye ƙullin gishiri da sukari na kemis, wanda ake kira ORS, tun kafin Sallah, don ranar shaguna da yawa a rufe suke. In babu, ki samu tafasasshen ruwa da ya huce lita 1, ki zuba sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Likitoci kan haɗa da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Nono da abinci kada a tsayar. Idan kika ga idonsa ya faɗa, fitsari ya ɗauke, jikinsa ya saki, ko akwai jini a bayan gidan, ki bar baƙi da tukunya ki nufi asibiti. Baƙi za su dawo baɗi.

Akwai kuma shaƙewa. Gyaɗa, aya, alawa mai tauri, guntun ƙashi, tsokar nama mai jijiya, duk ba na ɗan ƙasa da shekara uku ba ne. Naman a daka ko a yayyaga masa ƙanana, kuma ya ci a zaune, a gabanki. In ya shaƙe har ya kasa kuka ko tari, ki kifa shi a cinyarki kansa ya yi ƙasa, ki bugi tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu har sau 5, wani kuma ya nemo abin hawa. Kada ki zura yatsa kina lalube, ƙara tura abin za ki yi.

Yanzu mu leƙa madafi. Ranar suya tsakar gida ta zama tarko: ga kasko cike da mai a ƙasa, ga garwashi, ga wuƙaƙe, ga bokitai da baho cike da ruwa, wanda ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaro in ya faɗa da ka. Ga kuma halinmu na zuba kananzir ko fiya-fiya a robar lemo. Yaron da ya wuni yana ganin ana ɗaga irin wannan robar ana sha, me kike zaton zai yi in ya same ta a bayan ƙofa? A ɗaga su sama, a kulle. In tsautsayi ya sa ya sha kananzir, kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai, don aman ne ke kai shi cikin huhu. Asibiti kai tsaye. In ƙuna ce, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi na kamar minti 20. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da gishiri.

Maganin duk wannan ɗaya ne: a ware mutum guda babba wanda aikinsa a ranar shi ne yaron kawai. Gidan taro kowa na ganin yaro, amma babu mai duba shi. Ke kina zaton yana wajen Gwaggo, Gwaggo na zaton yana wajen Yaya, shi kuwa yana bakin rijiya.

Wannan ya kawo mu yawon Sallah, wanda shi ya fi tayar min da hankali. Sai ki ga yarinya 'yar shekara takwas an goya mata ƙani, an ce su je gidan Inna a wata unguwa, ko su je kallon hawa. A Kano, shekarar da aka yi Hawan Daushe ko Hawan Nasarawa, wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ya san irin turmutsutsun da ake yi, ga dawakai, ga ƙarar bindiga. Babba ma yaya ya ƙare? Shi ya sa bayan kowace Sallah gidajen rediyo ke cika da cigiya. Kuma ba mu manta ba, a watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka sanar da gano yaran Kano da aka sace aka kai Onitsha ta Jihar Anambra aka sayar. Ɗan tatata bai san sunan unguwarsu ba, wani ko sunan babansa bai iya faɗa ba. Ƙafarki ƙafarsa. In ba za ki je ba, shi ma ya zauna.

To ga gidan surukai. Kin shiga da ɗanki fes, Hajiya ta miƙo hannu tana "zo nan mai gidana", shi kuwa ya ƙanƙame ki ya fasa ihu. Nan da nan wata daga gefe za ta ce, "Tabɗi, wannan ƙiwa haka? Ai ke kika sangarta shi." Kunya ta kama ki, sai ki kai masa duka don a ga kina tarbiyya. Haba 'yar'uwa! Ƙiwa a wannan shekarun ba rashin tarbiyya ba ce, alama ce ya san uwarsa. Ki yi murmushi ki ce, "Hajiya a yi masa haƙuri, barci yake ji, yanzu zai ware." Ki zaunar da shi a cinyarki, da kansa zai sauka. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda, har da na rana. Saboda haka ki tsara ziyararki, gida biyu da safe, a dawo ya yi barci, sauran a bari sai gobe. Zumunci ba ya ƙarewa a rana ɗaya.

Ku kuma iyayenmu maza, na san kuna leƙa wannan shafi a ɓoye. Ranka ya daɗe, sayen rago da shadda ba shi ne ƙarshen aikinka ba. In ka sauko daga Idi, ka ɗauki ɗanka na awa ɗaya ka ba uwarsa dama ta yi wanka ta ci abinci a zaune. Kana so da yamma ka tarar da ita cikin kwalliya da ƙamshi da fara'a, alhali tun asuba tana tsakanin murhu da kukan yaro? Wallahi wannan awa ɗayar ta fi mata turmin atamfa, kuma kai ma za ka ga canji.

Kuɗin barka da Sallah da ake damƙa wa yaro kuwa, uwargida, na san inda suke shiga. A cire su daga hannunsa don kada su tafi baki, amma a jefa masa a asusu, ko a saya masa 'yar kaza ko akuya a kai kiwo. Amana ce.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya shirya mana su, Ya nuna mana Sallah lafiya. Mai tambaya ko ƙorafi ta aiko da wasiƙarta ta hannun edita kamar yadda aka saba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Taku har kullum.