Lissafin Kayan Ƙwalama a Dinar Biki

Kayan ƙwalama, wato 'yan soye-soye da gashe-gashe irin su samosa da fanke da yankan tsire waɗanda ake rabawa kafin babban abinci, su ne ke riƙe baƙi a dinar biki, kuma a nan masu hidima suka fi kuskuren lissafi, domin katin gayyata suke ƙirgawa, alhali kati ɗaya kan zo da mutum uku. Tsawon jira ma abin aunawa ne, tunda amarya kan daɗe wajen kwalliya har faranti ya koma wayam, baƙi na hamma. Guda 5 ga kowane baƙo a awa ɗaya ya wadatar, amma wajibi ne a ajiye ƙari a kicin.