Mu sayi tarakta, amma da sharaɗi

Ƴan uwa makiyaya, bara a Dakoro sai da na sayar da tumaki biyu kafin na ciyar da sauran a bazara. Shi ya sa nake goyon bayan ƙungiyarmu ta haɗa kuɗi ta sayi ƙaramar tarakta da injin ɗaure ciyawa.

Amma da sharaɗi. A yanki ciyawa cikin Satumba tun tana kore, ta bushe sosai kafin a ɗaure, don damin da ya yi fumfuna yana sa wa bisashe ciwo. Kuma kada a share wuraren kiwo da burtali tas. Garken da ke saukowa daga arewa shi ma yana da haƙƙi. Mu tsai da wannan magana a taro tun kafin mu zuba gazuwal.