Zancen Gida: Sa'ad da Amsar Neman Aiki Ta Yi Jinkiri

A gidaje da yawa na masu karatunmu akwai saurayi ko budurwa da suka gama jami'a, suka gama bautar ƙasa, suka aika da takardar neman aiki, yanzu kuwa sai jira. Waya ba ta rabuwa da hannu. Da ta yi ƙara sai gaba ya faɗi. Uwa tana kallo, uba yana tuna kuɗin makarantar da ya kashe, ƙanne kuma an riga an gaya musu cewa in yayansu ya sami aiki shi zai ɗauki nauyin karatunsu. Ashe jiran nan na gida duka ne. Saboda haka a wannan wata za mu yi zance a kansa, musamman jiran waɗanda suka nemi aiki a kamfanonin ba da shawara kan gudanar da kasuwanci, gama matakan shiga wurinsu suna da yawa, shirunsu kuma yakan rikita mutum.

Wane irin aiki ne wannan?

Iyaye da yawa sukan tambaya, “Shin wannan aiki na mene ne? Mutum ya zauna yana ba da shawara kawai a biya shi?” To, ga yadda yake. In banki, ko masana'anta, ko ma'aikatar gwamnati ta ga al'amuranta sun cije, riba tana raguwa ko aiki ba ya tafiya, takan ɗauko waɗansu masana daga waje. Su za su duba littattafan kuɗi, su yi magana da ma'aikata, su gano inda ciwon yake, sa'an nan su faɗi magani. Kamar likita ne, sai dai majinyacinsa kamfani ne.

Sana'ar ta yi ƙarfi ne a Amurka. James McKinsey ya kafa kamfanin McKinsey a Shikago a 1926. Bruce Henderson ya kafa BCG a Boston a 1963, Bill Bain kuma ya fita daga BCG ya kafa Bain a 1973. Akwai kuma manyan kamfanoni huɗu na binciken kuɗi, watau Deloitte, PwC, EY da KPMG, waɗanda su ma suna wannan aiki, dukansu kuwa suna da ofis a Legas. Na gida ma akwai, kamar Phillips Consulting wanda Foluso Phillips ya kafa a 1992. Albashinsu mai kyau ne, shi ya sa masu nema suka fi guraben yawa nesa ba kusa ba.

Me ya sa suke shiru?

Lalle ne mu gane wannan, domin rashin ganewa ne yake sa mutum ya ɗauki shiru a matsayin hukunci. Takardar da ɗanku ya aika ta intanet, sau da yawa kwamfuta ce take fara tace ta kafin idon mutum ya gan ta. Bayan wannan akwai jarrabawar lissafi da tunani, ita ma ta intanet. Wanda ya haye sai a kira shi intabiyu, ba sau ɗaya ba, har ya kai gaban manyan kamfanin. Kowane mataki da nasa jiran.

Har wa yau, masu yin intabiyun nan su ne ma'aikatan da suke bakin aiki a wurin abokan cinikinsu, yau suna Abuja, gobe Fatakwal. Sai an sami ranar da suke da sarari. Kamfanin kuma yakan ɗauki mutane bisa ga kwangilar da ya samu. In kwangila ta yi jinkiri, ɗaukar ma'aikata ma takan dakata. Wani lokaci kuma an riga an miƙa wa wani gurbin, ana jiran amsarsa tukuna a san abin da za a ce wa na biye da shi. Duk waɗannan ba su da dangantaka da ƙoƙarin ɗanku ko rashinsa. Amma kada mu ɓoye ɗaya gefen: kamfanoni da yawa sukan rubuta tun a cikin sanarwa cewa waɗanda aka zaɓa kaɗai za a tuntuɓa. Watau akwai shirun da ba amsa a bayansa.

Aikin mai jira

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kira yakan zo ba zato, a ba mutum 'yan kwanaki kaɗan ya shirya. Intabiyun waɗannan kamfanoni kuwa daban yake da wanda muka saba. Ba su tsayawa kan “Ina ka yi makaranta?” Sukan kawo matsalar kasuwanci su ce ka warware ta a gabansu, kana tunani da ƙarfi suna ji. Misali, a ce maka, “Ga gidan burodi a Zariya, cinikinsa bai ragu ba, amma ribarsa ta faɗi. Me ya faru?” Suna so su ga ko za ka raba zancen gida biyu, abin da yake shigowa da abin da yake fita, sa'an nan ka bi na fita ɗaya ɗaya: fulawa, sukari, man janareta, ladan ma'aikata, burodin da ya kwana ya lalace. Ko kuwa a ce ka kimanta burodi nawa ake ci a wata unguwa kowace safiya. Sai ka ce, a ƙaddara gidaje 2,000 ne, rabinsu suna saye, kowane gida guda 2, ka ga 2,000 ke nan. Ba ainihin adadin suke nema ba, hanyar da ka bi ka kai gare shi suke dubawa.

A nan ne gida zai yi taimako fiye da yadda ake zato. Uwar da take tuyar ƙosai ta san ranar da kuɗin wake da na mai suka tashi, ta san ko ta rage girman ƙosai ko ta ƙara kuɗi, ta kuma san wanne ne zai kore mata masu saye. Wannan shi ne ainihin tunanin da ake nema. Ɗa ya zauna kusa da ita da yamma ya ce, “Mama, yaya kike sanin kin ci riba yau?” ya rubuta abin da ta faɗa, ya jera shi daki daki. Uba manomi ma haka, a kan taki da ladan 'yan ƙwadago da lokacin kai hatsi kasuwa. Mai jira ya sami aboki kuma su riƙa yi wa juna tambaya, ya saba da lissafi da ka.

Waɗansu ƙananan abubuwa kuma kada a raina su. A riƙa duba imel kowace rana, har da akwatin da saƙonnin banza suke faɗawa, gama wasiƙar kirki takan ɓace a can. Kada a sake lambar wayar da aka rubuta a takarda. Takardar shaidar gama bautar ƙasa da ta digiri su kasance a shirye wuri ɗaya. In an faɗi ranar da za a ba da amsa, ranar ta wuce da mako guda, ba laifi a rubuta gajeriyar wasiƙa cikin ladabi a tambayi inda aka kwana. Sau ɗaya ya isa. Bugun waya kullum ba ya kawo amsa da wuri, sauri kuwa ya haifi nawa.

Aikin iyaye

Iyaye, muna roƙonku ku rage tambayar nan ta kowace safiya, “Har yanzu ba su kira ba?” Da sun kira, ai ku ne za ku fara ji. Tambayar ƙauna ce ta kawo ta, amma a kunnen yaro kamar tuhuma take. Kada kuma a baza labari tun abu bai tabbata ba. In an riga an sanar wa dangi da zumuntar mata cewa 'yarmu za ta Legas aiki, kowace Lahadi bayan sujada sai ta amsa tambayar mutum goma, har ta fara gudun jama'a. Ku sa ta cikin addu'ar gida, ku ba ta abinci da fuska a sake, ku bar gwada ta da ɗan maƙwabci da ya riga ya samu.

Ku yi hankali kuma da mazambata, gama sun san zuciyar mai jira a buɗe take. Za su aiko da saƙo da sunan babban kamfani su ce an ɗauke ka, sai dai ka biya kuɗin fom ko na horo. Wani kuma zai zo ya ce yana da mutum a ciki, a kawo abin goro. Kamfanin kirki ba ya karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki. Kada a sayar da akuya ko buhun masara saboda irin wannan.

A sa wa jira iyaka

Shawararmu ta ƙarshe ita ce, kada a rataya rai duka a ƙofa ɗaya. Ran da aka aika da takarda ɗaya, a fara rubuta ta biyu. Iyali su zauna su yanka lokaci, a ce wata biyu ko uku, in ba labari a ɗauka wannan ta wuce, a fuskanci gaba. In ƙaramin aiki ya samu, koyarwa ko riƙe littafin kuɗi a wani shago, a kama, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ko amsar ta zo da “a'a”, ƙofar ba ta kulle har abada ba. Yawancinsu sukan yarda mutum ya sāke nema bayan shekara ɗaya ko fiye, waɗansu kuma sun shiga ne bayan sun yi aiki a wani wuri sun ƙware. In wasiƙar ƙi ta zo, uba ya kira ɗansa ya ce, “Sannu da ƙoƙari, ɗana. Gobe sai mu duba ta gaba.”

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.