Kafin jirgin ƙasa ya iso Maraɗi

A Ingila, dokar 1920 da aka kafa don kare yara daga wahalar masana'antu ta daɗe tana hana 'yan ƙasa da shekara 16 aikin sa kai a tsofaffin layukan dogo na tarihi. Wannan darasi ne gare mu. Tun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, kuma dokar ƙwadagon Nijar ta 2012 ta amince da koyon sana'a daga shekara 14. Muna kira ga magabata su fayyace aikin dogo da yaro zai iya koya, da wanda ke da haɗari, don matasan Tajaye, Malbaza da Ƙonni su samu gurbi maimakon tafiya ci-rani. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.